Baƙon da Malam Nomau Ya Ƙi Kashewa

Ran nan ina zaune a bayanku ina kallon ɗayanku yana ɗauke na'ura sukutum daga wannan saba, wato babbar kwamfutar ofis, yana mayar da ita waccan da yatsa ɗaya, ɗaya hannun kuma yana cin gyaɗa. Da ya gama sai ya juyo ya ce mini wai aikin nan ba wani abu ba ne, manhajar ce ke yin komai, kowane irin haifabaiza ne a ƙasa yake riƙe da na'urorin, duk ɗaya ne a wajenta. Na yi murmushi, domin ni ma na taɓa faɗin kusan haka a Gusau, kuma wani dattijo ya kusa rasa aikinsa da mutuncinsa saboda bakina. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru, ku karanta in kun gama cin gyaɗar.

Ni ba da kwamfuta na fara ba, da tafireta na fara. Shekara uku na yi a Kaduna a shagon wani Oga Emeka. Aikin farko da ya ba ni shi ne tafiretan wata sakatariya da harafi ɗaya ke maƙalewa. Na kwance shi gaba ɗaya, na wanke da kananzir, na mayar, harafin bai daina maƙalewa ba. Oga ya aika aka kira matar, ya ce ta zauna ta yi bugu a gabanmu. Ashe farcenta ne mai tsawo, tana bugun harafin a karkace har ƙarfensa ya lanƙwashe. Ya miƙe shi da filaya cikin minti biyu, sannan ya sa ni na share shagon don in huce. Da kwamfuta ta fara shigowa ofisoshi, tare muka koye ta da shi, muna karanta littattafan da aka yi wa fotokwafi har rubutun ya dushe. Wani shafin ma rabinsa kawai ya fito, sauran sai mutum ya cika da hankalinsa.

Da aka ƙirƙiri jihar Zamfara na dawo gida, domin sababbin ofisoshi sun buɗe kuma masu gyara ba su da yawa. Na sami aiki a wani shirin taimaka wa manoma mai babban ofishi a Gusau da rassa a Tsafe da Bungudu. Kayan aikina duka jaka ɗaya ce: sukudireba uku, mita, burushin fenti, tocila, da faifai kamar ashirin a cikin kwalin sabulu naɗe da leda. Faifan nan ko bacci ne ba na yarda su yi nisa da ni. Ɗaya ya lalace, aikin mako ya tafi. Abin da na fi cirowa daga cikin kwamfutocin mutane kuwa kyankyaso ne da ƙadangaru, sai wata rana da na ciro ɓawon goro daga ramin faifai, mai ofishin yana rantsuwa bai san yadda aka yi ya shiga ba. Wani babban ma'aikaci ya taɓa aiko mota aka ɗauke ni da gaggawa don kwamfutarsa ta mutu. Na je na tarar mai shara ce ta zare waya ta jona hita.

Aikin da ya sa na zama abin da na zama shi ne na manhajar ruwan sama. Shirin namu ya gaji wata tsohuwar manhaja da ake shigar da awon ruwan kowace rana, ita kuma ta fitar da rahoton da ake duba lokacin shuka da irin da ya dace da kowane yanki. Wanda ya rubuta ta ya daɗe da barin ƙasar. Ba ta aiki sai a kan tsohon tsarin nan mai baƙin allo, kuma injin da take ciki ya tsufa, yana tashi da gurnani. Sai wani abokina ya aiko mini da wata manhaja da ke sa sabuwar kwamfuta ta yi kamar ita ce tsohuwar, wato na'ura cikin na'ura. Ranar da na ga baƙin allon nan ya buɗe a cikin taga ɗaya ta sabon inji, yana aiki bai san an canja masa gida ba, ban ci abincin rana ba don mamaki. Na yi ta rufe shi ina buɗewa, ina so in gane ta ina yake numfashi.

Don in iya bayyana wa ma'aikata, sai na kira ta ciki baƙo, manhajar da ke ɗauke da ita kuma mai masauki. Mai masaukin nan shi ne kakan abin da kuke kira haifabaiza. Matsalarsa umarninsa dogaye ne, da Turanci, harafi ɗaya ya kuskure komai ya tsaya. Ma'aikatanmu kuwa malaman gona ne, ba su da lokacin wannan. Sai na rubuta wata 'yar manhaja tawa da za ta tsaya tsakaninsu da mai masauki, na sa mata suna Zango. Kalma huɗu kawai take nunawa, da Hausa. Tashi, baƙo ya fara aiki. Kwanta, a ajiye shi daidai inda yake, ko da rubutu a buɗe, gobe a ci gaba. Kashe, a rufe shi gaba ɗaya, in an dawo ya faro daga farko. Kwafa, a zuba aikin a faifai. A Gusau ta yi aiki lafiya lau shekara guda, har kaina ya fara girma.

Sai wata ƙungiyar agaji ta ba mu kyautar kwamfutoci biyu, aka ce ɗaya ta tafi Tsafe ɗaya Bungudu. Kyawawa ne, amma wani jinsi ne daban, ba sa jin yaren namu. Mai masaukin Gusau ya ƙi ko buɗewa a cikinsu. Sun zo da nasu mai masaukin, na wani kamfani, da nasa halin. Shugaban shirin, Alhaji Garba, mutum ne da ba ya son dogon bayani. Ya ce shi bai san wani mai masauki ba, abin da ya sani kalmomin nan huɗu ne, yana so ma'aikacin Tsafe da na Bungudu su ga abin da na Gusau yake gani, kuma kafin ruwan farko.

Mako bakwai na yi a kan aikin nan, kuma har yau ban yi aikin da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Na raba Zango gida biyu. Sama na bar kalmomin huɗu yadda suke. Ƙasa kuma na yi tafinta biyu, kowane mai masauki da nasa, wanda zai ɗauki kalmar Hausa ya mayar da ita umarnin da wannan mai masaukin yake ji. Na sami babbar takarda na ja layi a tsakiya, umarnin na Gusau a hagu, na sabon a dama, ina haɗa kowanne da ɗan'uwansa. Wasu sun dace nan take. Wasu sai da dabara: na Gusau yana ajiye baƙonsa a fayil ɗaya, sabon yana rarraba shi uku, na Gusau yana gane firinta da kansa, sabon sai an gabatar da su. A ƙarshe aka bar ni da wasu umarni a dama waɗanda ba su da aboki a hagu. Na dube su, na ga ba su shiga cikin kalmomina huɗu ba, sai na ja musu layi na wuce. Na gwada kowace kalma sau da yawa. Na danna Kwanta, na ƙirga goma, na danna Tashi, komai ya dawo daidai. Ban taɓa barin baƙo ya kwana ba kafin in duba, domin sauri nake yi.

A farkon Afrilu na kai ta Bungudu. Mai kula da awon ruwa a can Malam Nomau ne, dattijo siriri mai farin gemu, shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya. Tun ana rubutu a dogon littafi yake wannan aiki. Yana da ma'auni a bayan ofis, yana kuma karɓar awon ƙauyukan Rawayya da Kekun Waje daga mutanen da ya koya wa da kansa. Manoma sun san shi. In an yi yayyafin farko, mutane kan biyo ta ofis su tambaye shi ko wannan na shuka ne ko na yaudara, kuma abin da ya ce shi suke yi. Kwana uku na yi ina koya masa. Da yatsa ɗaya yake dannawa, yana karanta kowace lamba a fili kafin ya taɓa ta. Na haɗa masa batirin babbar mota da inbata mai mayar da wutar batirin irin ta gida, don kada rashin wuta ya tsayar da shi, na nuna masa kalmomin huɗu, na ce duk wadda ya danna babu abin da zai lalace. Ya tambaye ni har sau biyu ko na tabbata, na ce na tabbata.

Shekarar ta zo da wuya. Man fetur ya yi ƙaranci, motar ofis ta fi wata biyu a ajiye, janareton Gusau ya zama wurin shanya tsumma. Tsawa ta ƙone mana inji ɗaya da firinta a watan Yuli, na yi ta neman kayan gyara har Kano. Ban leƙa Bungudu ba ko sau ɗaya duk daminar. Ba a kira ni ba, ni kuma na ɗauka shiru lafiya ce.

A farkon Satumba aka kawo faifan rassa aka buga rahoto. Ita tsohuwar manhajar nan ba ta tambayar kwanan wata, kuma ba ta nuna shi a allo. Da kanta take duba agogon na'urar ta manna wa kowane awo rana da lokaci, sai a rahoto ake gani. Na Gusau ya fito daidai. Na Tsafe ya fito daidai. Na Bungudu kuwa ya nuna cewa ruwan damina gaba ɗaya, na wata biyar, an shigar da shi ne cikin kwana shida a watan Afrilu, tun ƙasa tana ƙone ƙafa.

Alhaji Garba ya kira taro, aka zo da Malam Nomau. Ya ajiye takardar a gabansa ya ce abu biyu ne, ko dai Malam ya san ruwa tun bai sauka ba, ko kuma ya zauna mako guda ya ƙirƙiro lambobi ya tafi gonarsa. Wasu suka yi dariya. Malam Nomau ya fito da littafinsa na hannu inda yake fara rubutawa kullum, Alhaji ya ce littafi ai ana iya cika shi a zama ɗaya. Sannan ya juyo gare ni ya tambaya ko na'urar na iya yin wannan kuskure.

Na ce ba za ta iya ba. Na ce irinta ce a Tsafe, manhaja ɗaya, hannu ɗaya ya haɗa su, kuma ga na Tsafe nan daidai. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, domin a raina aikina nake karewa.

Malam Nomau bai dube ni ba. Ya ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, abin da yas sauka shi nir rubuta. Ban san wata dabara ba."

Aka ba shi takardar dakatarwa, aka ce nan da mako biyu kwamiti zai zauna a kan korarsa. Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Na ji daga baya cewa har a bakin tasha ana kiransa mai ruwan Afrilu.

Da zan ce tausayi ne ya fara tayar da ni, da na yi ƙarya. Son sani ne. Na ɗauki rahoton na kai teburina ina dubawa layi-layi, sai wani abu ya tsaya mini a rai. Maƙaryaci mai wayo ba zai bar kwanan wata a Afrilu ba, marar wayo kuma zai gaji. Lokutan da ke jikin takardar ba su da hutu ko kaɗan. Daga safe zuwa safe, kwana shida a jere, kusan kowace awa ga sabon awo. Babu sallah, babu abinci, babu bacci, har da lokutan da maigadi ya kulle ofis. Dattijon da ke danna lamba da yatsa ɗaya ba zai iya wannan ba, ni ma da ƙuruciyata ba zan iya ba. Na ce lallai akwai abin da ke faruwa a cikin akwatin nan da ban sani ba, kuma abin ya hana ni sukuni.

Tsafe na fara zuwa, don in ga abin da ya sa nata ya yi daidai. Mai shigar da awo a can Madam Rahila ce, 'yar kudancin Kaduna, mijinta malamin makaranta ne. Mace ce mai sauri, yatsunta goma duk suna aiki. Na binciki na'urarta ciki da waje ban ga komai ba. Sai na ce ta yi aikinta yadda ta saba ina kallo. Ta danna Tashi, ta jira baƙo ya faro daga farko, ta shigar da lambobi, ta danna Kashe, ta rufe injin da zane. Na tambaye ta ko tana amfani da Kwanta. Ta ce ita ba ta yarda da abin da ke kwance ido biyu ba, ko risho ne in ta gama girki kashe shi take yi. Sai ta yi dariya ta ce ita da Baba na Bungudu sun taɓa musu a kan haka da suka haɗu a Gusau.

"Ya ce mini shi ba zai iya danna kalmar nan ba," in ji ta. "Wai abin da ke yi maka aiki kullum, ka gama da shi ka ce kashe? Na ce Baba ai inji ne. Ya ce ko jaki ne, in ya dawo daga gona kwance masa kaya ake yi ya huta."

Ban ƙarasa ruwan da ta ba ni ba. Washegari da safe ina Bungudu.

Na sami Malam Nomau a ƙofar gidansa yana gyara ƙotar fartanya. Ya amsa gaisuwata cikakkiya, ya tambayi mutanen gida, ya sa aka kawo mini fura, bai ambaci taron ba. Wannan ya fi zagi ciwo. Na roƙe shi ya zo ofis ya nuna mini yadda yake aiki. Ya ce an dakatar da shi, bai kamata ya taɓa kayan hukuma ba. Na ce ni zan danna, shi ya faɗa mini kawai. Muka je. Na tambaye shi me yake dannawa in ya gama.

Ya ce, "Kwanta mana. Ni ba ni kashe abin da ka yi min aiki. Kuma kai kac ce duk ɗaya na."

Na tayar da baƙon, na bi ta bayan manhajar ruwa na tambaye shi kwanan wata kai tsaye. Ya ce muna tsakiyar Afrilu. A waje kuwa gero ya yi kai, dawa ta fi mutum tsawo. Na rubuta lokacin da ya nuna a tafin hannuna, na danna Kwanta, muka tafi masallaci muka yi Azahar, muka tsaya gaisawa da mutane. Da muka dawo na danna Tashi na sake tambaya. Minti ɗaya bai ƙaru a kan abin da ke hannuna ba.

A nan komai ya buɗe mini. Mai masaukin Gusau, in baƙonsa ya farka, yakan faɗa masa lokaci ba tare da an sa shi ba. Sabon mai masaukin ba ya yin haka sai an umarce shi. Baƙo zai farka ya ci gaba da ƙirga daga inda ya kwanta, yana zaton ƙiftawar ido ya yi. Malam Nomau yana aiki kamar awa ɗaya kowace safiya, saboda haka a wajen baƙon wata biyar ɗin nan kwana shida ne. Madam Rahila ta tsira ne don in an kashe baƙo aka sake tayar da shi, dole ya nemi lokaci daga farko. Na zaro babbar takardar nan daga jakata. Umarnin gyara agogon yana nan a dama, na uku cikin waɗanda na ja wa layi da birona. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, amma ba zan ɓoye muku ba, a ƙarƙashin kunyar akwai daɗin gano abu.

Gano dalili bai isa ya wanke mutum ba. Alhaji zai iya cewa agogo ya lalace, amma wa ya ce lambobin gaskiya ne? Sai na tuna cewa lokacin da nake gwaji na sa Zango tana rubuta layi ɗaya a wani ɗan fayil duk sa'ad da aka danna kalma, da lokacin babban injin, wanda agogonsa ke tafiya da batiri. Na manta ban cire ba. Na buɗe fayil ɗin. Tun daga ranar da na bar Bungudu, kowace safiya tsakanin bakwai da rabi zuwa takwas, Tashi. Bayan kamar awa guda, Kwanta. Asabar da Lahadi suna ciki, ranar hutun Maulidi tana ciki. Na bi da yatsa ina neman gurbi ko ɗaya ban samu ba. Na jera layukan da awon da ke cikin manhaja da na littafin hannunsa, suka hau kan juna rana bayan rana.

Na kai wa Alhaji Garba kwana huɗu kafin zaman kwamiti. Na fara bayanin mai masauki da baƙo, ya ɗaga hannu ya ce in gajarta, laifin wane ne. Na ce nawa. Na ce kalma ɗaya na rubuta a kan abu biyu da ba ɗaya ba, kuma na ba da shaida a kan abin da ban gwada ba. Ya daɗe yana bin layukan da gindin biro. Ya ce shekara nawa yana shugabanci bai taɓa ganin takardar zuwa aiki irin wannan ba, ko tasa ba ta kai ba. Ya yi mini faɗan da na cancanta, ya sa aka rubuta takardar janye dakatarwa, ya ce ni zan kai da hannuna. Gyaran kansa layi biyu ne, ban yi minti goma a kai ba. Daga ranar na ɗauki al'adar da kuke yi mini dariya a kanta, ta barin baƙo ya kwana uku a kwance kafin in sa hannu a kan kowane aiki, da ta karanta umarnin da ba su da aboki kafin waɗanda suka dace.

Malam Nomau ya karanta takardar a tsaye a gaban ofis, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ce takardar farko kowa ya ji ta, wannan kuwa a ambulan ta zo. Na gane abin da yake nufi. Akwai manoma kamar goma a gindin bishiyar ofis, wasu daga Rawayya, sun zo batun maganin ƙwari. Na je na yi sallama na tsaya a gabansu na ce ni ne mai haɗa na'ura, kuskuren nawa ne, Malam bai ƙirƙiri komai ba. Na fara ƙoƙarin bayyana agogon baƙo, wani tsoho ya katse ni ya tambaya ko ruwan da Malam ya rubuta ya sauka. Na ce ya sauka, kowane ɗigo. Ya ce su ai sun sani, a kansu ya sauka, mutanen Gusau ne ba su sani ba. Aka yi dariya, wannan karon ba Malam ake yi wa ba.

Da suka watse na ce masa na gyara na'urar, yanzu ko Kwanta ya danna babu abin da zai faru. Ya ce ya gode, amma shi ya gama da ita, zai ci gaba da littafinsa, duk mai son lambobi a inji ya zo ya kwafa. Haka kuwa aka yi. Har ya yi ritaya, ni nake hawa mota duk bayan mako biyu in je Bungudu in shigar, yana karanto mini. Amma a ranar ban haƙura ba, na ci gaba da ba shi baki, ina cewa na'urar ba ta da laifi, abin da aka faɗa mata kawai ta sani.

Ya ce, "Na sani, Lawali. Ban riƙe ta da komi ba. Wata biyat ina tashe ta kullum da sahe, da anka tambaye ta tac ce kwana shida tag gan ni. To, ita ƙarhe ta, ba ta san ni ba." Sannan ya dube ni, karo na farko tun ranar taron. "Kai hwa ka san ni."

Ya ɗauki littafinsa da kwalbar awo ya zagaya bayan ofis, domin an yi ruwa da asuba kuma bai auna ba tukuna. Na bi shi na riƙe masa littafin.